Inna a Jirgin Ƙanena

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta fita takaba ana tsakiyar yankan gero, amma ba ta fita daga ɗaki ba. Takan zauna a bakin gado da tasbaha a hannu, a kai mata fura ta kurɓi kaɗan ta ture ƙwaryar. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma faɗa mini abin da ke cin ta. Ina aikin ungozoma a nan Filinge, maigidana kuma malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa mushe yake ce masa, yadda ake kiran malam da faransanci. Kullum in na tashi daga aiki sai in biya in duba ta, sannan in wuce gidana in ɗora tukunya. Ban san lokacin da gajiya ta zama mini kamar zanen ɗaurawa ba.

Ƙanena ne ya kawo maganar kogi. Shi ya bar ƙasarmu ta Kurfai tun shekarar yunwa, yana saurayi, ya faɗa Yamai neman abinci. Can ya haɗu da wani dattijo Bazabarme mai jirgin ruwa, suna dakon kabewa da itace. Daga baya ya auri ɗiyar dattijon, da ƙarfin tsohon ya ƙare sai jirgin ya dawo hannunsa. Ya yi masa rumfa, ya shimfiɗa katifu, ya koma ɗaukar annasaru, wato Turawa masu yawon buɗe ido. Yakan hau da su kogi su ga dorina da ƙauyuka, su ci a cikin jirgin, su kwana a ciki. Lokacin mulkin soja ne, annasaru kuwa suna zuwa sosai da sanyi.

Ya same ni a tsakar gida ina wanke-wanke, ya tsuguna.

"Yaya, ku kawo ta. Iska ta buge ta, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. In ta ci gaba da zaman ɗakin nan, bin Baba za ta yi."

Na ce masa ba ni da hutu. Ya ce hutun lakwal ya kusa, ni ma in roƙi 'yan kwanaki. Na san wadda za ta yi girki da wankin yara a tafiyar, shi ya sa na yi ta ja. Amma maigidana ya riga ya ji, har ya je ya aro na'urar ɗaukar hoto wurin wani abokin aikinsa. Da aka faɗa wa Inna, cewa kawai ta yi, "In ya ce in tahi, sai in tahi." Sharaɗinta guda, a ɗaura mata gero a buhu ta kai wa surukan ɗanta.

Hanyar Yamai ta cinye mana yini. Motar kasuwa ce, mu da awaki da buhunan wake. A kowane shinge sai jandarmomi sun sauke mu an duba takardu, Inna kuwa ba ta da ko ɗaya. Maigidana ya yi ta faransanci yana nuna furfurarta har a bar mu mu wuce. Kafin Balleyara ƙaramar ɗiyata ta yi amai a cinyata, babban kuma ya yi ta tambaya ko mun kusa. Muka isa jikina kamar an yi mini duka.

Da safe ƙanena ya kai mu bakin ruwa. Inna ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da ta sani shi ne na rijiya, wanda sai igiya ta ci tafin hannu kafin guga ya fito, sai kuma tabkin damina da ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Ta juya ta dubi ɗanta.

"Duk wanga ruwa, ba mai shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Na Allah ne, Inna."

Ta tsuguna ta ɗebo da hannu biyu, ta wanke fuska, ta yi alwala ko da yake lokacin salla bai yi ba.

Jirgin dogo ne, na katako, an yi masa fenti shuɗi da ja. Rumfar tabarma ce a sama, katifu a jere a ƙasa, murhun gawayi a tsakiya cikin wani kwano mai yashi. Matar ƙanena ce ke girki idan an ɗauko baƙi, mace mai shiru, Hausarta tana da ɗanɗanon Zabarmanci. Ita ta kama hannun Inna ta shigar da ita. Can baya, kusa da inji, akwai wani ɗan lungu da aka kewaye da zana, shi ne makewayi.

Ba zan ce kogin ba shi da kyau ba. Muna hawa, gari ya ɓace, sai gonakin shinkafa kore shar a gefe guda, duwatsu jajaye a ɗaya gefen. Ƙanena ya riƙa barin babban ruwa yana shiga ƙananan rassa da ke ratsa ciyawar burgu, inda ruwan ke kwance kamar an zuba shi a faranti. Balbelu suka riƙa tashi a gabanmu. Yarana suka manta da faɗa. Inna ta zauna a gaba, ta saki mayafinta iska na kaɗa shi, na ga wuyanta ya miƙe yadda ban gani ba tun rasuwar Baba.

Rigima ta farko daga lungun nan na baya ta taso. Inna ta shiga da butarta, ba ta jima ba ta fito.

"Kai, ramin nan ina ya nuhwa?"

"Ruwa, Inna."

Ta miƙa hannu ta nuna gaɓa. Mata ne a tsaye cikin ruwa har gwiwa, wasu na wanke kwanoni, wasu na cika tulu.

Ya ce, "Kogi na wucewa da shi, Inna. Kowa haka yake yi."

"Wucewa wurin wa?"

Ta ce ita dai ba za ta iya ba, a tsaya da ita a tudu. Daga ranar duk wanda ya matsu sai an nemi gaɓa an tsaya, domin ba wanda ya iya shiga lungun tana kallo. Tafiyar ta koma ta kunkuru. Ni ce mai rakiya, in riƙe ta mu sauka cikin laka, mu haura, mu nemi bayan wani kurmi, mu dawo in wanke mata ƙafa in wanke tawa. In mun dawo ɗaya daga cikin yara ya ce shi ma. Na yi ta cije baki. Na san tana da gaskiya, amma ƙuguna ne ke biya.

Kashegari da hantsi muka iske dorinai. Kunnuwa da hanci kawai ake gani, sun taru a wani wuri mai faɗi. Maigidana ya miƙe da na'urarsa, ya ce sun yi nisa. Ƙanena ya matsa da jirgin, sannan ya taka wa injin wuta ya yi ƙara. Wata babba ta ɗago, ta wage baki kamar ƙofar rumbu, ta yi wani gurnani da na ji shi a cikina. Yara suka yi kururuwa, maigidana ya danna hotonsa yana murna. Matar ƙanena ta yi wa mijinta magana da Zabarmanci, gajeriya, mai kaifi. Da muka zauna gyaran kifi na tambaye ta me ta ce.

"Na ce ya bari. Baƙi suna son su ga bakin a buɗe. Mu mu wuce, ita kuwa ranta ya ɓaci. Mai ƙaramin kwalekwale da zai biyo bayanmu shi za ta huce a kai."

Ta ci gaba da kankare ɓawon kifin.

Da la'asar muka isa wani ƙauye a kan tsibiri, inda ƙanena ya saba sauke baƙinsa. Tun daga nesa yaran ƙauyen suka gane jirgin, suka sheƙo a guje suna ihu, "Kado! Kado!", wato kyauta da bakin annasara. Da muka matso suka ga baƙaƙe ne irinsu, sai ihun ya mutu. Suka tsaya cirko-cirko suna kallonmu, mu ma muna kallonsu.

Ƙanena yana so ya nuna wa uwarsa dukan abin da yake nuna wa manyan baƙi, kada a ce ya rage mata wani abu. Ya yi magana da wani dattijo, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya. Jim kaɗan mata suka fito da turmi da taɓare, sanye da tsofaffin zannuwa. Suka jeru, suka fara daka suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Sun iya ƙwarai. Amma duk macen da ta taɓa daka za ta ji cewa ƙarar ba ta hatsi ba ce. Ƙaiƙayi ne a turmin. Na dubi Inna, ta dube ni, muka sunkuyar da kai. Maigidana yana ta neman inda haske ya fi kyau.

Sai wata yarinya ta matso kusa da turmin. Ɗaya daga cikin matan, tsohuwa, siririya, ta daka mata tsawa.

"Ke, ja baya, kar taɓarya ta hwashe miki kai!"

Da Hausa ta faɗa, kuma Hausarmu ce ta Kurfai, ba ta kasuwar Yamai ba. Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta taka har gaban turmin, dakan ya tsaya.

"Baiwar Allah, ɗiyar ina ce ke?"

Matar ta ce daga wani ƙauye take bayan Damana. Ta faɗi sunansa. Ƙauyen su Inna ne, inda aka haife ta, inda ta zauna har aka kawo ta Filinge gidan Baba. Suka tsaya suna duban juna. Inna ta ambaci sunan uwar matar, ta ambaci wata rijiya. Ashe tare suka yi 'yanmatanci, tare suke jan ruwa.

Na zaci za su rungume juna. Matar sai ta saki taɓaryar ta faɗi, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska, ta juya ta nufi cikin gari da sauri. Inna ta bi ta. Ni ma na bi su, don kada Inna ta faɗi a hanya.

Muka same ta a wata 'yar bukka a ƙarshen gari, tana kokawar sake zane. Ta ce mu yi mata haƙuri, wancan na aiki ne, baƙi sun fi son su gan su da tsumma. Sai da ta ɗaura mai kyau sannan ta yarda ta gaisa. Suka zauna a tabarma guda, suka yi kuka mai isarsu, ni ina bakin ƙofa. Inna ta faɗa mata rasuwar Baba. Ita ma ta ba da nata labarin. Shekarar yunwa shanunsu suka ƙare, mijinta ya bi su. Ta kwashi 'ya'ya ta biyo masu tafiya har bakin kogi. Mutanen tsibirin suka ba ta wurin kafa bukka, amma gona ba ta samu ba. 'Ya'yanta maza sun tafi bakin teku neman kuɗi, sai jikoki suka bar mata. Idan jirgi ya zo, a kira su su yi daka, baƙi su ba da abin da suka ba da, a raba.

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna wa Inna.

"Dakan da ba tuwo bayanshi ya hi gajiyarwa, 'yar uwa. Ka gama, kahwaɗa na ciwo, ka zubar ma awaki."

Inna ta ce a kira mata ɗanta. Ya zo ya tsuguna a waje, hularsa a hannu. Ban taɓa jin ta yi masa irin wannan muryar ba.

"Abin da kake ci da shi ke nan? Ka kawo mutane su zauna bisa tabarma su kalli uwarka tana dakan ƙaiƙayi?"

"Inna, ban san 'yar garinku ba ce."

"In ba 'yar garinmu ba ce, ba uwar wani ba ce?"

Sai matar ta kama hannun Inna.

"Kar ki yi mishi hwaɗa. Yaron ga, da jikata ta kwanta da zazzaɓi tana sanƙarewa, shi ya ɗauke ta a jirginshi har Yamai, bai karɓi komi ba. In bai kawo baƙin ba, wani za ya kawo su, wanda ko gaisuwa ba ya yi. Kuma in ba su zo ba, mi za mu ci? Ni ban ce a bari ba. Na dai ce na gaji."

Ƙanena yana ta murza hularsa. Can Inna ta ce a sauko da buhun geronta. Na tuna mata na surukai ne. Matar ƙanena, wadda ta biyo mu tana tsaye a baya, ta ce a sauko da shi, ita za ta yi wa mahaifinta bayani.

Aka kawo turmin nan, aka zubar da ƙaiƙayin, aka zuba gero. Tsofaffin biyu suka fara surfe tare, ba su yi nisa ba numfashi ya gagare su, suka koma tabarma suna lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Ni da matar ƙanena da wasu mata biyu muka ƙarasa, surfe da wanki da ribɗi da tankaɗe. Rabona da daka irin wannan tun kafin injin niƙa ya zo unguwarmu. Hannuna ya yi ƙulu-ƙulu. Aka tuƙa tuwo, aka yi miyar kifi, muka ci tare da matan kafin magariba. Yaran da suka yi mana ihun kado suka zauna da nawa a kwano guda.

Maigidana ya riga ya mayar da na'urarsa cikin jaka, yana zaune gefe kamar wanda aka kama da laifi. Ƙawar Inna ce ta aika a kira shi.

"Mushe, abin nan naka, shina hidda mutum sosai?"

Ya ce yana fitarwa.

"To ka ɗauke ni. Shekara da shekaru ana ɗaukata, ban taɓa ganin ko guda ba. Wanga ka kai ma ƙanena can gida, ya san ina da rai."

Ta sa aka kawo kujera 'yar tsugunne. Ta ari mayafin Inna, ta shafa kwalli, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta tsuke fuska kamar mai zaman shari'a. Ta ce kada bukkar ta fito, kada turmi ya fito. Maigidana ya yi ta matsawa har ya sami inda ba komai a bayanta sai ruwa. Rana ta kusa faɗuwa, yana tsoron hasken ba zai isa ba.

Inna ta ce a wurin ƙawarta za ta kwana. Mu muka koma jirgi. Da gari ya waye ta fito idanunta a kumbure, ta ce ta ga abin da za ta gani, a juya. Akwai wata babbar kasuwa a gaba da ƙanena ya so mu kai, ba mu je ba.

A hanyar dawowa ya kashe inji ya bar ruwa yana tafiya da mu. Na je baya na zauna kusa da shi ina shafa wa hannuna man kaɗanya.

"Yaya, mi kike so in yi? In sayar da jirgin in koma noma? Wace gonar?"

Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Na ce masa ni dai kaina ke ciwo, in mun isa ya nemo mini mota mai kujera.

Hoton bai fito ba sai bayan watanni, da maigidana ya sake zuwa Yamai ya wanko. Ya ɗan yi duhu, amma ita ce. Na dorinar ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Inna ta naɗe na ƙawarta a ƙyalle, ranar kasuwar Damana ta shirya da kanta, ta ce ba ta son rakiya. Wannan ce fitarta ta farko ita kaɗai tun rasuwar Baba. Ta dawo da yamma da ƙura har gira. Ta ce ta sami ƙanen ƙawar tata, ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta tsuhwa." Ya shiga ɗaki da shi, bai fito ba har ta taso. Bayan wannan Inna ta koma zuwa suna da gaisuwar mutuwa, ta koma faɗa da masu tallan nono. Ta ƙara shekaru masu dama.

Ƙanena bai bar sana'arsa ba, amma ya sake wasu abubuwa. Ya toshe ramin nan ya sa bokiti mai murfi, in an tsaya a tudu ya haƙa rami ya binne da hannunsa. Ya daina tsokanar dorina. In zai je tsibirin sai ya sayi gero a Yamai ya tafi da shi, a daka na gaske, a ci tare da baƙin, ragowar ta zauna a garin. Ya ce ba a ɗaukar kowa hoto sai an tambaye shi. Wasu baƙin sun ji daɗin haka, har suna turo 'yan uwansu. Wasu suka ce jirginsa ba ya matsawa kusa da namun ruwa, suka koma wa masu matsawa. Bai yi arziki ba, bai kuma rasa abinci ba. Ya ce mini bokitin nan ne abin da ya fi ƙi a duniya, amma duk lokacin da ya yi niyyar buɗe ramin sai ya ji kamar Inna na zaune a gaban jirgin.

Soja suka tafi, aka yi zaɓe, soja suka dawo, suka sake tafiya. Mu ma'aikata muka sha zaman jiran albashi. Duk wannan bai hana baƙi zuwa ba, sai dai su ragu su ƙaru. Abin da ya hana su shi ne tashin hankalin da ya zo daga baya, lokacin da hanyoyi suka zama abin tsoro, mu kanmu muka fara tunani kafin mu je Damana. Aka wayi gari ba annasara ko guda a bakin ruwa. Ƙanena ya kwashe katifun ya raba wa 'ya'yansa, ya kwance rumfar, ya koma dakon kabewa kamar farko. Ƙawar Inna ta rasu a tsibirin, labarin bai iso mu ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Inna ta bi ta da damina ta gaba.

Bara ƙanena ya zo Filinge ganina, yanzu na ajiye aiki. Gemunsa ya yi fari fat, yana tafiya yana dafa gwiwa. Na tambaye shi mutanen tsibirin. Ya ce har yanzu in ya ratsa ta wurin sukan tare shi a gaɓa, su tambaye shi yaushe baƙi za su dawo. Jikar matar nan, wadda ya taɓa kai wa asibiti, yanzu uwar 'ya'ya ce, ita ta fi kowa tambaya.

Na ce, "Kai mi kake ce musu?"

Ya ce, "In ce sai abin da Allah ya yi."

Na shiga ɗaki in dama masa fura. Kafin in fito ya jingina da bangon zaure, bakinsa a ɗan buɗe, barci ya kwashe shi. Na rufe ƙwaryar da faifai, na hana jikoki shiga, na zauna a ƙofa ina tsince wake har aka kira la'asar.